Ita da Ita

'Yata tana da shekara biyar muka zo Kuala Lumpur. Ita ce ta fari, don haka ba na kiran sunanta, kamar yadda mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba. "Ke" nake ce mata, ko in yi gyaran murya ta juyo. Mahaifinta kuwa Uwata yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarsa ta ci. Allah bai ba mu wata haihuwar ba bayanta, sai ya zamana ita ce ta farin, ita ce autar. Ni na tsaya a kan kunyar ta fari, shi ya ɗauki shagwaɓar auta.

Karatu ya kawo shi. Da ya gama, wata kwaleji ta riƙe shi yana koyar da lissafi. Ni a sakandare na tsaya. A gidanmu na Wangsa Maju, can hawa na sama, ina yi wa ɗaliban ƙasarmu tuwo da ɗan wake, ranar Asabar kuma masa. Su zo su ce a yi musu tapau, wato a ƙunshe musu su tafi da shi.

Yarinyar ta tashi da Malay da Turanci a baki, Hausar kuma tana ɗingishi. Babbar matsalarta guda ce. A Malay kalma ɗaya ce ga mace da namiji, dia, ko sarki ne ko tsohuwa. Sai ta kwaso wannan ta zuba a Hausa. Da ta ji motsin mukulli za ta ruga tana cewa, "Abba ta dawo!"

Shi kuma ya ajiye jaka ya ce, "Ta dawo, ta gaji, ƙafafunta ciwo suke."

In an kira gida ta gaisa da kakarta, sai ta juyo ta ce, "Kaka ya ce wai na yi ƙiba." Can a waya kana jin dariyar mutanen gida, suna cewa a dawo da 'yar Malesiya kafin ta mai da kowa ɗan daudu. A lokacin dariya muke yi duka.

Gyara mata ya zama mini jiki. Ba na ma tunani. Kamar yadda hannu ke tsince tsakuwa daga shinkafa ido na wani wuri, haka bakina ke cire "ta" ya sa "ya". Ta faɗa, in gyara, ta maimaita, mu wuce.

Tana da shekara goma sha bakwai korona ta zo, aka kafa dokar zaman gida. Mutum ɗaya ake bari ya fita cefane, shi ne maigida. Mutumin da bai taɓa sayen albasa ba sai ga shi tsaye a kedai, kantin da ke ƙasan gininmu, yana kira na a waya yana tambaya wane ganye ne alayyahu. Ɗalibai suka daina zuwa. Ta taga muna ganin jirgin ƙasa yana wucewa a kan gadarsa, fitilu a kunne, kujeru babu kowa.

A cikin wannan zaman ne malamar adabinsu ta ba su aiki. Kowa ya ɗauki ɗaya daga tsofaffin labaran soyayya da ke ƙarewa da mutuwa, ya sake ba da shi yadda yake so. Kowace ƙasa tana da irin nata. Biyu sun so juna, gidajensu suna gaba, saƙo ya ɓata a hanya, aka wayi gari da gawa biyu. Ni ma na ji irinsu a bakin kakata.

Mahaifinta ya ce, "Uwata, ga lokaci Allah ya kawo. Kullum bayan la'asar ki riƙa ba mamarki abin da kika rubuta, amma da Hausa."

Ta ce, "Wahala lah, Abba," da lah ɗin nan da 'yan Malay ke liƙa wa magana.

"Wahalar muke nema. Ko so kike ki tsufa kina ce min ta dawo?"

Haka aka fara. Ina girkin dare, ita tana zaune a ƙasa a ƙofar kicin, ta jingina da firiji, ta miƙe ƙafafu. Ta ɗauko labarin daga zamanin da, ta kawo shi unguwa irin tamu. Gini biyu suna kallon juna. Gidaje biyu da ba sa gaisawa, saboda iyayen maza sun taɓa yin faɗa a kan wurin ajiye mota.

Na ce, "Wurin ajiye mota? A da a kan gona ake gaba, ko a kan jini."

"Mama, ba ki ga Abba da mutumin hawa na uku ba?"

Daga falo ya ɗaga murya ya ce, "Ina ji fa."

A labarin akwai yarinya da ke fitowa baranda shanya. A ɗaya ginin kuma akwai mai fitowa ban ruwa, da barkono da aka shuka a gwangwanin madara. 'Yata ta ce, "Wata rana wadda take ban ruwa ta ɗago kai, sai ta gan ta."

Na ce, "Wanda yake ban ruwa. Ya ɗago kai, ya gan ta."

Ta ce, "To." Ta ci gaba.

Labarin ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Ba su da lambar juna, kuma doka ta hana fita, sai suka koma magana da shanya. Ɗankwali ruwan ɗorawa a igiya yana nufin na tuna da ke. Safa guda ɗaya, babu 'yar'uwarta, tana nufin yau gidanmu babu daɗi. Har na fara ɗokin la'asar. Wani lokaci in rage wuta don kada girki ya riga labari ƙarewa. Ina yi mata gardama a kan abin da ba zai yiwu ba, tana ce min ai labari ne. Tun da ta girma ba mu taɓa daɗewa muna magana haka ba, ni da ita. Kuma kullum sai na gyara. "Ta ce mata." Ya ce mata. "Ina son ki." Wa ke magana? In yarinyar ce, ina son ka za ta ce. Ita kuma kullum "To," sannan gobe ta sake.

Wata safiya tana ɗakinta tana darasi, ya shigo kicin da kofin shayinsa ya tsaya. Ba al'adarsa ba ce.

Ya ce, "Maman Uwata, mai gadin nan na cikin labarin, me take ce masa?"

Na ce, "Kamar yaya?"

"Ya ko ta?"

Na yi tunani. "Ya."

"Baban yarinyar fa?"

"Ya."

"Ɗan sandan da ya tare hanya?"

Na ce, "Malam, Hausarta ce ba ta nuna ba."

Ya ce, "Ta nuna tuni. Yaushe rabon da ki ji ta ce min ta dawo? Mu ne muka riƙe wasan, ita ta daɗe da wuce shi. Mutum ɗaya tak take yi wa kuskuren, kuma kullum mai ban ruwan nan ne."

Ba zan ce hankalinsa a kwance yake ba. Kwanakin nan na lura yana daɗewa a kan darduma, yana barin abinci a kwano. Na ɗauka labarin cutar ne. Ya juya kofin a hannunsa ya ce, "Ni ma ban san abin da zan yi da wannan ba. Na san abin da aka karantar da ni. Na kuma san 'yata ce. Na kasa ajiye ko ɗaya. Amma yarinya ta ɗauko magana mai nauyi ta kawo ta har ƙofar kicin ɗinki. A bari ta kai aya, sannan mu san inda muke."

Bayan ya fita na ɗauki wanki na je baranda. Shekaru ina shanya a wurin ban taɓa ƙare wa ginin da ke gabanmu kallo ba. A wata baranda, ƙasa da tamu kaɗan, ga gwangwanin madara, ga barkono ya yi ja. Na san gidan. Gidan su ƙawarta ne, 'yar ajinsu, 'yar Malay, siririya mai tabarau. Kafin dokar takan zo ta ci ɗan wake tana hawaye saboda yaji tana cewa a ƙara mata. Makcik take ce min, yadda suke ce wa inna. Na duba igiyarmu. Ɗankwalin 'yata ruwan ɗorawa yana rataye a ƙarshenta, ya bushe tun jiya ba a ɗauke ba.

Da la'asar ta zo ta zauna a wurinta. Na yi niyyar in yi shiru. Na ɗora mai a wuta, na ba ta baya ina yanka attaruhu. Labarin ya kai inda su biyun suka sami fita a karon farko, suka haɗu a bayan kanti, kowa da takunkumi a fuska. Ta ce, "Sai ta miƙa hannu, ta kama hannunta."

Na ji bakina ya ce, "Ya kama."

Har yau ban san ko sabo ne ya riga ni, ko tsoro ne ya ari bakin sabo ba. Na juya abin a raina sau da yawa, ban sami amsa guda ba.

Wannan karon ba ta ce "To" ba. Ta naɗe ƙafafunta. Da Hausa mai kyau, babu ɗingishi ko kaɗan, ta ce, "Mama, na iya. Ita ce. Ita da ita."

Man ya fara hayaƙi. Na zuba albasa, ƙarar ta cika kicin. Na tsaya ina juyawa fiye da yadda albasa ke bukata. Da ƙarar ta lafa na ce, "Miƙo min gishiri."

Ta tashi ta miƙo min gishirin. Ta ɗan tsaya. Sannan ta tafi ɗakinta.

Washegari la'asar ta yi, ƙofar kicin babu kowa. Da na tambaya a fakaice, ta ce ai ta riga ta tura wa malama aikin. Amma labarin bai tsaya ba, wuri ya sauya. Ita da mahaifinta suka riƙa zama a baranda da yamma, tana ba shi da Malay. Ni Malay ɗina na kasuwa ne, nawa ne, rage min, na gode. Daga kicin abin da nake tsinta shi ne dia, dia, dia. Shi yana saurare, sai can ya yi tambaya guda. Wani lokaci in ya shigo idonsa ja. Ban tambaye shi inda labarin ya kai ba, shi ma bai tilasta min ji ba. Sau ɗaya kawai ya ce, "Har yanzu ba ta kashe su ba. Ta ce ta kasa yanke shawara."

Aka sassauta dokar, aka sake tsananta ta. Muka ci gaba da zama mu uku. Tana gaishe ni da safe, tana wanke kwanuka, tana tsefe min kai in na nema. Babu wanda zai shigo gidan ya ce akwai wani abu.

A shekara ta biyu, lokacin da cutar ta fi tsanani, zazzaɓi ya kama shi. Ya ce mura ce. Da numfashi ya fara gagara, motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Ya fita da ƙafarsa, yana riƙe da 'yar jaka, yana ce min kada in manta da ba wa kifin da Uwata ke kiwo a kwalba abinci, don ita mantuwa gare ta. Mu kuma aka ɗaura mana alama a hannu aka ce kada mu fita.

Da farko yana kira. Daga baya ya daina iya magana, sai wata nas mai kirki ta riƙa riƙe masa waya kusa da kunne. Ni nakan yi masa addu'a, in faɗa masa wanda ya kira daga gida, sannan magana ta ƙare min. Wata rana da azahar 'yata ta karɓi wayar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta daɗe. Da ta fito ta wanke fuska, ta ɗora ruwan shayi.

Bai ƙara kwanaki da yawa ba.

Ba mu gan shi ba. Wasu mutane cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa suka yi masa sutura. Wani ɗalibinsa ya tsaya daga nesa ya ɗaga waya, muka kalli jana'izar a zaune a kan gado, hoton yana tsayawa yana tafiya. Ƙasar wurin ja ce, irin ta garinsu. Wannan kawai na iya riƙewa.

Na shiga takaba a gidan da dama ba a fita. Babu zaman makoki, babu matan da za su cika ɗaki su karɓi girki daga hannunka. Gaisuwa duk ta waya. Mutum ɗaya ce take zuwa da ƙafarta. Da rana sai mu ji an ƙwanƙwasa ƙyauren ƙarfe mai raga da ke bakin ƙofa, in an buɗe ga leda a rataye, shinkafar kwakwa ko miyar kifi da ɗumi. Mai kawowar ta riga ta ja da baya ta zauna a matakala, da takunkumi da tabarau. 'Yata takan zauna daga ciki, jikin ƙarfen. Tsakaninsu tazara mai yawa. Sau da yawa ba sa magana. Na taɓa leƙowa na ga kafaɗun 'yata suna rawa, waccan kuma ta dafa bango da tafin hannu, kamar bangon ne ke kuka. A gabana 'yata ba ta yi kuka ba. Ni ma ban yi a gabanta ba. Haka aka koya min, kuma ina ganin haka na koya mata.

Na ce, "Ke, ki ce mata an gode."

Daga matakala aka ce, "Sama-sama, makcik." Haka suke amsa godiya.

Zamana a ƙasar a kan aikinsa yake rataye. Da ya tafi, dole in koma. Yayansa ya kira ya ce in taho da yarinya, me za ta zauna yi a can ita kaɗai. Na ce masa mahaifinta ya riga ya nema mata gurbi a kwaleji kafin ya kwanta, kuma ba zan warware abin da ya ƙulla ba. Gaskiya na faɗa. Ban ƙara komai a kai ba.

Ana saura kwanaki in tafi muna haɗa kaya. Tukwane na rabar wa matan ɗalibai. Littattafan lissafinsa ta ce a bar mata. Muna zaune a tsakar falo da hantsi, tana naɗe kaftanayensa tana miƙo min ina jerawa a akwati. Na daɗe ina shirya tambayar, amma da ta fito sai ta fito a gajarce.

"Ke, labarin nan naki. Yaya suka ƙare?"

Hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Na faɗa wa Abba."

"Ranar da kika shiga ɗaki?"

"Eh."

"Me ya ce?"

"Ba ya iya magana lokacin, Mama. Nas ɗin ta ce ya motsa yatsa. Ban sani ba ko don in ji daɗi ta faɗa."

Na jera kaftani biyu. Na ce, "Sun mutu?"

Ta ajiye wanda ke hannunta a cinya. Ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba. Idon mahaifinta ne sak.

Ta ce, "Mama, in zan faɗa miki, da Hausa zan faɗa, kuma yadda yake. Ba zan sake cewa to ba. Za ki iya tafiya gida da shi? Ki zauna cikin su Gwaggo yana cikinki, suna tambayarki ina 'yarki?"

Ba da faɗa ta yi tambayar ba. Kamar mai tambayar ko akwati ya yi min nauyi.

Na ga tsakar gidanmu. Na ga yayyena mata a kan tabarma, da kakarta da ta tsufa ta rasa ɗa. Na ga kaina a cikinsu ni kaɗai, babu shi. Da yana nan, da na dube shi, da ya juya kofinsa ya faɗi wani abu da ba amsa ba ne amma ana iya tsayawa a kai. Na buɗe baki. Ina so in ce zan iya. Ban saba yi mata ƙarya ba, kuma ban san ko gaskiya ce ba.

Ta jira ni. Ta jira fiye da yadda ni zan iya jiran wani.

Sannan ta ce, "Ba komai, Mama. Zan ajiye shi. Ba ya lalacewa." Ta ɗauki kaftanin ta ƙarasa naɗewa. "Wannan shuɗin ki bar min."

Na bar mata.

Yanzu ina Zariya, a ɗakin da na tashi. Mata suna tambaya yaushe 'yata za ta dawo, ina cewa sai ta gama. Ta gama tuni, ta sami aiki. Ba ta ce za ta dawo ba, ni ma ban ce ta dawo ba. Takan je kabarinsa ta share ganye, ta turo min hoto.

Ranar Lahadi take kira, ni da hantsi, ita da yamma. Ba ta sake ɗaga maganar ba, ni ma ban sake ba. Wannan makon muna cikin magana na ji motsi a bayanta, ana wanke kwanuka, ana ɗan waƙa ƙasa-ƙasa da muryar mace da na sani. Na kasa kunne ina saurare har ta lura.

Ta ce, "Mama, akwai wani abu?"

Na riƙe wayar da hannu biyu. Na ce, "Ana ruwa a wajenku?"

Ta ce ana yi, kullum da yamma. Na ce mu nan ya ɗauke. Na ce ta riƙa cin abinci. Ta ce to.